Waken da Aka Hana Ƙishirwa

Duk shekara idan aka turo mana ɗalibai koyon aiki, ba a kwana uku sai wani ya tambaye ni, "Anti Rabi, wai shi ke nan aikin? A ɗiga ruwa cikin ruwa, a zauna jira?" Bana ma wata mai farin gilashi ta ƙara da cewa ko ƙanwarta ta firamare za ta iya. Ban yi fushi ba. Ni ma haka na raya a raina ranar da na fara shiga ɗakin gwajin nan, shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce, da jaka a kafaɗa, littattafan soyayya uku a ciki waɗanda na saya a kasuwar Ɗambatta. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku wannan, ku karanta lokacin jiran, tunda kun ce jira ne aikin.

Wanda ya koya mini aiki shi ne Malam Sabo, Allah ya jiƙansa, dogon mutum mai furfura a gira, wanda bai taɓa yin dariya ba sai ya fara gyara hula. Sau uku yana yi mini zane a allo, kibiya nan, kibiya can, ina gyaɗa kai ba abin da ya shiga. Abin da yake son in gane shi ne wannan. A cikin kowace ƙwayar halitta ta tsiro akwai kundin gado. Wasu shafukan kundin na ranar ƙishirwa ne: yadda tsiro zai tattala ruwan jikinsa, yadda zai kare kansa kada ya bushe. Amma shafi ba ya buɗe kansa. Akwai wani furotin da ke zaune daf da shi, shi ne mai sawa a karanta. Shi kuma ba ya motsi sai an liƙa masa wani ɗan mitsitsin abu da ake kira fosfet. Da an liƙa masa, sai siffarsa ta sauya, ya miƙe ya kama aiki.

A karo na huɗu na ce, "Malam, tsaya. Wato saurayi ne ya zo zance, ga shi ga yarinya a tabarma ɗaya, amma kunya ta ɗaure masa baki?"

Ya kalle ni ta saman gilashi.

Na ce, "Sai gwaggo ta ji ƙishirwa ta shigo gida, ta leƙo ta zura masa zobe a yatsa, nan take baki ya buɗe, kalamai suka fara zuba. Idan kuma an yi ruwa, sai kawu ya zo ya zare zoben, saurayi ya koma kallon ƙasa."

Malam Sabo ya gyara hula. Ya ce, "Allah ya shirye ki, Rabi. Gwaggon sunanta kainez, kawun sunansa fosfatez, kada ki rubuta gwaggo a jarrabawa. Amma haka abin yake." Sai ya ɗaga yatsa. "Kada kuma littattafan nan su ruɗe ki, ki ɗauka kowane zobe na baiko ne. Akwai furotin da idan aka sa masa, korarsa aka yi daga ɗakin kundin. Akwai wanda idan aka sa masa, alamar a kai shi a wargaza ke nan. Sai kin san wane ne, kuma a wane yatsa."

To aikinmu shi ne mu kama saurayin nan da zoben a hannu. Kuma ku sani, kawu ba ya barci. Da an tsinke ganye daga jikin tsiro, kafin ka ƙirga kaɗan abubuwa sun fara sauyawa a ciki, zoben da kake nema ya zame, wani da ba ka nema ya hau. Shi ya sa muke yawo da tulun naitirojin, wannan mai fitar da farin hayaƙi da kuke ta ɗaukar hoto da shi. Sanyinsa na tsayar da komai a inda yake, kamar an daskarar da biki ana tsakiyar guɗa.

Ɗibar ganye ta farko da na je, a wata gona kusa da Watari, na tsinke ganye mai kyau, sai ga dagacin ƙauyen ya iso da sallama. Tarbiyya ta motsa. Na rusuna da ganye a hannu: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya zafi, yaya ƙoƙari. Shi ma bai rage ko ɗaya ba, har ya tambayi mutanen gidanmu. Da ya wuce, Malam Sabo ya karɓi ganyen ya miƙa wa wata akuya da ke leƙe ta shinge. Ya ce, "Baki ne ke amsa sallama, ba hannu ba. Hannu ya tsoma, baki ya gaisa." Har yau idan kuka ga ina gaisawa da babban mutum ba na kallonsa, hannuna na cikin hayaƙi, ba raini ba ne.

Daga gona sai turmi. Ɗan farin turmin tangaran ne da taɓaryarsa, bai kai kofin shayi biyu ba. Mahaifiyata da ta ziyarce ni ta gan shi, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Duk bokon nan daka aka koya miki?" A cikinsa ake niƙa ganye yana daskare har ya koma gari kamar kuka, a zuba ruwan magani mai ɗaure hannun kawu. Sai a ɗiba da fifet, abin ɗiga nan mai kama da alƙalami, a zuba a ƙananan ramukan jel, wani abu mai kama da daskararren koko, a kunna wutar lantarki. Furotin su jeru, ƙanana a gaba, manya a baya. A kwashe su a kan farar takarda, a zuba musu mai nema, wato antibodi, wanda ba ya kama kowa sai mai zobe. Ƙarshe a shiga ɗaki mai duhu a ɗora fim irin na hoto a kan takardar, a wanke shi. Idan an dace, sai ka ga ɗan baƙin layi siriri kamar zanen kwalli. Kwana biyu cur saboda zanen kwalli ɗaya.

Fim ɗina na farko baƙi ƙirin ya fito, tun daga sama har ƙasa. Ga abin da ya faru. Kafin a zuba mai nema, ana jiƙa takardar da wani ruwa don kada ya manne inda bai kamata ba. Na ga ana amfani da madarar gari a wasu ayyukan, namu ruwan kuma ya ƙare, sai na tsallaka wurin mai shayi na sayo madara, ina jin kaina mai dabara. Malam Sabo ya ɗaga fim ɗin sama ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Madara kika sa." Na ce yaya aka yi ya sani. Ya ce, "Furotin ɗin madara kansa zobba ne a jikinsa fal. Kin aiki yaro ya nemo mutum ɗaya mai zobe, kin tura shi gidan biki." Ragowar madarar muka sha shayi da ita sati guda, kullum sai ya ɗaga kofi ya ce, "Wannan binciken naki dai ya yi daɗi."

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai malaman jami'a masu son sakamako jiya. Akwai ɗalibai da ke tsayawa a kaina suna addu'a a ƙofar ɗaki mai duhu kamar dangin mai naƙuda. Akwai manoma da suka ji an ce muna gwaji, wani ya taɓa kawo mini tunkiya mai tari. Amma wanda zan ba ku labarinsa shi ne Baba Ilu, a shekarar da har yanzu muke kira muguwar shekara.

Shekarar nan komai ya haɗu. Firiza ta mutu da samfurin wata uku a ciki. Naitirojin daga Kano sai an yi sati ana jira. Malam Sabo ya yi ritaya, ya bar ni da makullai. A cikin wannan hali Dakta Asabe, mai binciken wake da nake yi wa aiki, ta tattaro irin wake goma sha biyu daga ƙauyuka. Za a shuka su da rani a gonar Baba Ilu kusa da Watari, a ba su ruwa har su yi ƙarfi, sannan a yanke ruwan a ga wane ne ke saurin sa zobe idan ƙishirwa ta zo. Biyar za a zaɓa a riƙa ninkawa, a ajiye a ɗakin adana iri, a yi aure tsakaninsu da wasu. Sauran a sallame su, domin ba fili, ba hali.

Ɗaya daga cikin goma sha biyun na Baba Ilu ne. Ƙaramin wake ne mai jan ido, yana kiransa 'Yar Inna, domin daga mahaifiyarsa ya gaje shi. Duk ƙauyen sun koma sabon iri mai manyan ƙwayoyi, shi kaɗai ya rage da shi, kuma ƙwari sun ɓata masa rumbu a bara, abin da ya tsira bai fi cikin gora ɗaya ba. Goran nan ya miƙa wa Dakta da hannu biyu. Ya ce, "Shekarar da ruwa ya ɗauke ina yaro, ita kaɗai ta ciyar da gidanmu. Ku gwada ta ku gani." Idan ba ta shiga cikin biyar ba, to daga Baba Ilu sai tarihi, don 'ya'yansa duk sun ce ba sa shuka wake mai ƙananan ido.

Ranar yanke ruwa Dakta ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Ta ce, "Baba, daga yau ba ban-ruwa. Ko sun yi yaushi, ko sun sunkuya, kada a taɓa."

Ya ce, "Har ita?"

"Har ita, Baba."

Sannan ya ce, "Na yi alkawari. Ba zan buɗe mata kwatar ban-ruwa ba, ba zan ɗebo mata a bokiti ba." Kowa ya san Baba Ilu ba ya saɓa magana, shi ke jan sallar masu aiki a gonakin wajen.

Fim na farko ya fito: layi goma sha ɗaya, wasu masu kauri, wasu sirara, gurbin 'Yar Inna fari fat. Na ce laifina ne, na sake. Fari. Na sauya ruwan magani, na wanke turmi sau uku, na ɗauko sabon mai nema wanda muke tattalinsa kamar turaren amarya. Fari. Saurayin yana nan, na duba da wani mai neman na gan shi zaune daram, amma yatsa ba zobe. Dakta ta ce, "Rabi, a gona kore take shar, ban musa ba. Amma ni ba zan iya rubuta cewa ta fi kyau a ido ba, sai na nuna dalili. Ko dai ba ta jin ƙishirwar, ko tana bin wata hanya da ba mu da kayan ganinta. Ɗiba ɗaya ya rage mana kafin in miƙa sunaye. Idan ya fito fari, na cire ta."

Abin ya tsaya mini. Na karanta littattafai da yawa, kuma a cikinsu duk wanda ya yi shiru a gaban masoyiya akwai dalili, ko dai an yi masa kashedi, ko akwai mai ɗauke masa nauyin da ya kamata ya ɗauka. Kullum da hantsi muke zuwa gonar, ranar Talata, a motar ofis. Sai na ce bari in je ranar da ba a sa ni ba. Ranar Alhamis na hau bas daga Ɗambatta, na ƙarasa a ɗan acaɓa, na isa daidai kiran azahar.

Daga bakin shinge na tsaya. Ga layukan wake goma sha ɗaya sun sunkuya, ganye ya naɗe kamar kunnen tsohuwar jaka. Ga layin 'Yar Inna a can gefe, kore, da mutane kusan goma sha biyar tsugune a jere daga farkon kunya zuwa ƙarshenta, kowa da buta. Masu albasa, masu tumatir, da mai rake na gonar gaba. Baba Ilu na tsakiya yana wanke ƙafa a nitse, ruwa na gangarawa gindin wake. Da suka tashi, sai na ga ya bi layin yana watsa busasshen rairayi a kan jiƙaƙƙen wuri.

Na bari suka idar da salla. Na je na rusuna na gaishe shi, gaisuwa cikakkiya, tunda ba ganye a hannuna. Sannan na tura yatsa cikin ƙasa a gindin 'Yar Inna, na ɗago shi da laka.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ko gezau. Ya ce, "Na buɗe kwata?"

"A'a."

"Na ɗebo a bokiti?"

"A'a, Baba."

"To alwala nake yi. Ko bokon naku ya hana alwala?"

Na ce, "Bai hana ba. Amma sau nawa a rana?"

Mai rake ya yi caraf ya ce, "Ai Baba tunda aka fara gwajin nan alwalarsa ba ta daɗewa. Jiya sau tara na ƙirga. Mu ma ya ce ladan ya fi yawa a nan gefen."

Baba Ilu ya harare shi. "Kai, wa ya tambaye ka? Ladan inuwa na ce."

"Wace inuwa, Baba? Wake ne fa."

Aka kwashe da dariya, ni ma na kasa riƙewa. Shi kaɗai bai yi ba. Ya ce, "'Yar nan, ke ba ki gani ba ne. Kwana na uku da yanke ruwa na zo na tarar ta sunkuyar da kai. Baƙi za su zo daga birni su ga abin Inna a wulaƙance a gonata? Na ce bari su same ta da kyanta, su zaɓe ta."

Na zauna a kan kunya. Na ga idan na ce kainez da fosfatez, sai dai a sake yin dariya. Sai na ba shi labarin saurayi da gwaggo da zobe, yadda na ba Malam Sabo, a gaban masu albasa da masu tumatir. Na ce, "Gwaggo ba ta fitowa sai ta ji ƙishirwa ta shigo gida. Kai kuma kullum kana tare ƙishirwar a ƙofa. Sauran goma sha ɗayan duk sun yi magana, mun ji muryarsu. Taka ce kaɗai ba ta ce komai ba, Dakta kuma za ta cire ta, don ta ɗauka kurma ce."

Ya ce, "Kurma? 'Yar Inna?"

"Haka takarda ta nuna."

Ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya ce, "Kwana nawa za a bar ta ba ruwa?"

"Goma."

"Idan ta mutu fa? Ba ni da wata."

Na ce, "Kai ka ce ta rayu shekarar da ruwa ya ɗauke. Wa ya yi mata alwala a lokacin?"

Ya ɗauki butarsa ya taka har can gindin wata tsamiya, nesa da gonar, ya ajiye. Ya juyo ya ce wa jama'a, "Daga yau lada ya koma can."

Dakta da na gaya mata ta dafa tebur tana dariya har da hawaye, sannan ta nemi a ɗaga mata ranar miƙa sunaye, aka ba ta kwana goma sha huɗu ba ƙari. Mai rake ya riƙa kiran wayata yana ba ni rahoto. Ya ce Baba ya daina bi ta gefen layin, yana zagayawa ta gonar albasa da fuska a juye, kamar mai gudun surukai. Ya ce rana ta shida ya same shi tsaye daga nesa yana yi mata magana a hankali, hannuwa a baya, don kada su yi abin da bai sa su ba.

Rana ta goma na je da ragowar naitirojin da bai fi na ɗiba ɗaya ba. 'Yar Inna ta rage faɗin ganye, ta yi duhu, amma a tsaye take. Baba Ilu ya yi mini sallama, na amsa da baki, hannu na cikin hayaƙi. Kwana biyu na yi a kan aikin, ban buɗe littafi ko ɗaya ba, kuma ban kusanci mai shayi ba. Da na ɗaga fim a ƙarƙashin jar fitila, sai ga shi a gurbin da ya saba zama fari: layi baƙi, mai kauri, kwallin amarya ranar kai ta.

Ban ce ya tabbatar da komai da komai ba. Dakta ta sa aka sake gwajin a tukwane a shekara ta gaba, inda ba mai alwala, kafin ta yarda ta rubuta. Amma ya isa ya sa 'Yar Inna cikin biyar, kuma yau tana ɗakin adana iri a cikin kwalba mai lamba, ana ninka ta duk damina.

Ni na kai wa Baba Ilu fim ɗin. Ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya ɗaga shi saitin rana, a juye. Na gyara masa, na nuna masa wurin.

Ya ce, "Wannan ɗan zanen? Saboda shi kuka hana ni barci?"

"Shi ne, Baba. Muryarta ke nan."

Ya ƙara matso da shi kusa da ido. Ya ce, "Ashe tana da abin faɗa. Ni ne na cika ta da ruwa." Ya naɗe fim ɗin a cikin hularsa, ya mayar kai, ban kuma ce ya dawo da shi ba, ko da yake sai da na rubuta takardar bayanin inda ya shiga. Sannan ya ce, "Yanzu an gama?"

"An gama."

Ya ɗaga murya wajen tsamiya. "Kai mai rake! Kawo butoci. Lada ya dawo."

To ke mai farin gilashi, ki gaya wa ƙanwarki tana iya zuwa, akwai fifet da zai yi mata daidai. Amma ranar da za ku je ɗibar ganye, kafin ku buɗe tulu, ku tura yatsa a ƙasa, sannan ku tambayi mai gona, cikin ladabi, a ina yake alwala.